Ƙarfen Lemar Malama

Mai Hoto ɓarawo ne, kuma yayansa ya yi wa sata, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai fasa shago ba, bai haura katanga ba, bai zura hannu a aljihun kowa ba. Dare ɗari biyu da goma sha ɗaya ya ɗauke daga rayuwar wani tsoho, kuma da hannu bibbiyu ya karɓe su, yana murmushi. Duk wanda ya ce wannan ba sata ba ce, ya binciki kansa.

Yayan nasa mai gyaran agogo ne. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene yake, in ya miƙe hannuwa sai ya taɓa bango biyu. Shekara arba'in yana zaune a kan kujera ɗaya, da ɗan gilashin nan na masu gyara maƙale a idon dama, har mutane suka manta sunansa na yanka, kowa Mai Agogo. Da rana ke nan. Da dare kuwa, in sama ta washe, a rufin benen gidansu ake samunsa tare da bututu.

Bututun madubin hangen nesa ne, kuma shi ya ƙera shi tun yana sabon aure. Jikinsa ƙaton bututun ruwa ne da magina suka yar. Babban madubin da ke gindinsa da hannu ya goge shi, wata bakwai yana zagaya gangar man da ya ɗora shi a kai kamar wanda ya yi ɓatan kai. Saboda sama ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ya fasa wani agogon bango, ya ɗaura ƙafafunsa masu haƙora a gindin abin, yadda bututun zai riƙa bin tauraro a hankali, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Abu ɗaya ya rage masa. A bakin bututun akwai ɗan ƙaramin madubi da ake so ya tsaya a tsakiya daidai, kuma sai da siraran ƙarafa uku masu ƙarfi zai tsaya. Ya duba kasuwa bai samu ba. Ya dawo gida, idonsa ya faɗa kan lemar matarsa a bayan ƙofa.

Matar malamar lissafi ce a makarantar firamare, shi ma Malama yake ce mata. Washegari aka tashi da hadari, ta yi ta dube-dube.

"Maigida, ka ga lemata?"

"Wace lema?"

"Lema nawa gare ni a gidan nan?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Tana sama. Ta samu babban aiki."

Mako guda tana zuwa makaranta da leda a ka, mako guda ba ta ce masa ci kanka ba. A rana ta takwas ta hau benen da kanta, ta ce ta zo ta ga abin da ya cinye mata lema. Ya saita mata wata, ta sa ido. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ashe shi ma ramuka gare shi," in ji ta, "kamar titin unguwarmu."

Tun daga ranar ta zama mai riƙe lokaci. A zamanin fim ake, kuma hoto ɗaya kan ci awa guda. Shi zai manna ido a kan tauraro ɗaya, yatsansa a kan ɗan maɓalli yana gyara tafiyar bututun, ita tana zaune a kan bokiti da ta kife, da agogo a hannu da tocila da ta rufe da jan ƙyalle don kada haske ya ɓata musu aiki. "Saura minti goma sha biyu, kada ka kuskura ka yi atishawa." In sauro ya sauka a wuyansa, ita ke kashewa, kuma ba da tausayi ba. 'Yarsu ɗaya tilo a nan ta koyi tafiya, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.

Wata rana gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututun. Malama ba ta iya ganin datti ta wuce. Ta zura tsintsiya, tsintsiya ta maƙale, ta fizgo, ɗaya daga cikin ƙarafan lemar ya karkace.

A nan sai an ɗan yi bayani. Duk madubin hangen nesa da ke da ƙarafa a baki, ƙarafan kan zana wa manyan taurari tsinkayen haske a hoto. Ƙarfe uku, tsinke shida. Wanda kuwa gilashi ne zalla, ba ƙarfe a bakinsa, taurarinsa dunƙulallu suke fitowa kamar ɗigon fenti. Taurarin Mai Agogo da can tsinkayensu a jere suke kamar lambobin agogo, sha biyu, biyu, huɗu, shida, takwas, goma. Da aka wanko hoto na gaba, sai ga tsinken da ya kamata ya nuna ƙarfe biyu ya zame zuwa biyu da rabi, abokinsa na ƙasa shi ma ya bi shi. Kowane tauraro haka.

Ya ɗauko filaya zai gyara. Ta tare bakin bututun da jikinta.

"Bar shi. Lemata ce, in na ga dama in lanƙwasa."

"Malama, za a yi mini dariya."

"Ni da na yi mako da leda a ka, kuka aka yi mini?"

Aka kuwa yi dariyar. Akwai 'yar ƙungiyar masu kallon sama da ke taruwa a zauren laburaren garin, ƙarƙashin wani hedimasta mai yawan tsokana. Ya ɗaga hoton sama ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga abin kunya. Mai gyaran agogo, amma taurarinsa rabin awa suke gaba!" Kowace shekara sai ya maimaita, kowace shekara Mai Agogo sai ya ce gobe zai gyara. Goben ba ta zo ba.

Cikin duk abin da ke sama, akwai wanda ya fi kama zuciyarsu. Wani gungun taurari ne can nesa, dubban miliyoyi, sun naɗe wuri ɗaya. Masana sun ce gari ne guda na taurari, irin wanda ranarmu ke ciki. In ka leƙa da ido, ba ka ganin komai sai ɗan dishi-dishi kamar ka hura wa gilashi numfashi. Sai hoto ya tara hasken sannan hannuwansa ke fitowa a murɗe. Malama ce ta sa masa suna Katantanwa. A 'yan watanni kawai yake hawa sama a shekara. Sun ɗauke shi da fim ya fi sau ashirin, bai taɓa fitowa yadda suke so ba.

Sannan gari ya girma. Aka gina gidan mai a kusurwa, aka kafa allunan talla masu fitila, sama da ke baƙa ƙirin ta koma ruwan toka. Fim ya ɓace daga kasuwa. 'Yarsu, wadda ta zama nas, ta kawo masa kyamara ta zamani, ta ce yanzu ba a hoto ɗaya mai tsawo, sai dai a ɗauki gajeru dubbai, dare bayan dare, a ƙarshe kwamfuta ta ɗora su kan juna, hasken gari ya wanke, na sama ya taru. Malama ta yi ritaya a shekarar. Ta ɗauko sabon littafin lissafi, ta ja layi da rula, ta rubuta: dare na ɗaya.

Dare talatin da takwas ta rubuta. Na ƙarshen a kan kujera aka hau da ita, rubutun ya yi ta gangarowa daga kan layi. Allah ya jiƙanta.

Ya daina zuwa ƙungiya, amma bai daina hawa bene ba. A ƙarƙashin rubutunta ya ci gaba, talatin da tara, arba'in. Bokitin yana nan a kife inda yake. Wani lokaci sai ya ji kansa yana tambaya, "Saura minti nawa?" Agogon gindin bututun ne kaɗai ke amsawa. Filaya kuwa bai ƙara kai ta kusa da ƙarfen nan ba.

A shekara ta huɗu ido ya fara gaza shi. Gefe-gefe ya fara duhu, yana cin karo da ƙofa. 'Yar ta kai shi asibitin da take aiki. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma ganin zai yi ta tsukewa har ya zama kamar mai leƙe ta bututu.

"Ai likita," in ji Mai Agogo, "da ma rayuwata a leƙen bututu ta ƙare."

Likita ya yi dariya, 'yar ba ta yi ba. Mai Agogo ya lallaɓa ya ƙarasa watannin Katantanwa na wannan shekarar, ya rubuta ɗari biyu da goma sha ɗaya, ya rufe littafin. Hotunan duka suna cikin wani ɗan akwatin ajiya na kwamfuta, bai fi tafin hannu ba. Saura haɗawa. Tsohuwar kwamfutarsa ba za ta iya ba, idonsa ma ba zai iya ba. Abin da yake so bai da yawa, ya ga Katantanwa sau ɗaya a takarda kafin fitila ta mutu, ya rubuta sunan Malama a ƙasa.

Nan ƙanensa ya shigo.

Shi ne autan gidansu, kuma a hannun Mai Agogo ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu. Kyamararsa ta farko ma ta Mai Agogo ce. Yanzu yana da babban shagon hoto a bakin titi, da ƙatuwar kwamfuta da injin buga hoto mai faɗin ƙofa. Gwani ne wurin goge ƙuraje a fuska da rage wa mutum tumbi, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma mutum ne mai son a ce shi ne. Shekara guda kafin nan ya shiga ƙungiyar masu kallon sama, ya sayi wani farin madubin hangen nesa, gilashi zalla, mai neman tauraro da kansa. Sau biyu ya fita da shi. Na farko sauro ya kore shi, na biyu barci. Darasin da ake yi wa sababbi kuwa bai taɓa zama ba, ya ce shi da ya shekara talatin yana hoto, wa zai koya masa haske?

Mai Agogo ya miƙa masa akwatin a naɗe cikin hankici, da takarda mai bayanin yadda ake haɗawa, mataki-mataki.

"Auta, ka riƙe shi da kyau. Ba ni da wani."

"Haba Yaya, kamar ba ni ba? Ka ɗauka an gama."

Mako uku shiru. A na huɗu ya zo shagon agogo, ya tsaya daga waje, don shagon ba ya cin mutum biyu.

"Yaya, sai haƙuri. Akwatin nan ya ƙone. Wuta ce aka kawo da ƙarfi."

Mai Agogo ya cire gilashi daga ido, ya ajiye a hankali.

"Duka?"

"Duka."

"Ko na farkon nan, talatin da takwas?"

"Wallahi ko ɗaya. Na kai wa masu gyara uku."

"To. Allah ya sa haka ya fi alheri. Kada ka sa wa ranka damuwa."

Tsohon da aka yi wa ɓarna shi ke lallashin wanda ya yi. A daren ya hau bene da lalube, ya lulluɓe bututun da tamfol, ya ɗaure, ya tsayar da agogon gindinsa. 'Yar ta lura cewa agogunan shago ma sun fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ba mai murɗa su su ci gaba da tafiya. Ta yi masa faɗa, ya ce laifinsa ne da bai ajiye kwafi biyu ba. Bai ƙara maganar ba.

Bayan wata biyu sai ga Hedimasta da sanda, ya tsufa shi ma, amma bakin yana nan.

"Tsohon banza, kana raye ashe? Shekara huɗu ko leƙe."

"Kai ma ga ka, mutuwa ta manta da kai."

"Ranar Asabar akwai baje hotuna na shekara. Wanda ya yi na ɗaya za a kafe shi a bangon matakalar laburare, ɗalibai su yi ta wucewa suna gani har bayan ranmu. Ka san wa ya ci? Ƙanenka. Ashe abin a jini yake. Yaran nan alƙalai sun ce ba su taɓa ganin irinsa daga cikin gari ba. Ni ban ma gan shi da kyau ba tukuna, a waya aka nuna mini."

"Hoton me ya ɗauka?"

"Abar nan taku, kai da Malama. Katantanwa."

Mai Agogo ya ajiye agogon da ke hannunsa. Da Hedimasta ya tafi, ya yi ta gaya wa kansa cewa sama ba gonar kowa ba ce, duk wanda ya ɗaga bututu zai samu rabonsa. Wataƙila yaron kunya ce ta sa shi ya tashi tsaye ya ɗauko wani don ya rama masa. Ya so ya yarda da haka. Duk da haka ranar Asabar ya sa ɗan gilashinsa na aiki a aljihu, ya ce wa 'yarsa ta raka shi.

Zauren ya canza. An sa fanka, an cire dogayen bencinan da Malama ke zama a ƙarshensu tana gyara jarrabawar yara. Fuskokin duk sababbi ne, samari da 'yan mata masu wayoyi. Hoton yana gaba a kan katako, tsawonsa ya kai ƙofa. A gefensa an kafa farin madubin Mai Hoto a kan ƙafafunsa uku, an goge shi yana ƙyalli. Ba wanda ya ce ya kawo shi. Shi ya ga zai yi kyau a hoton da za a ɗauke shi.

"Baba," in ji 'yar a hankali, "yana da kyau. Wallahi yana da kyau."

"Kai ni kusa. Ba tsakiya ba, kusurwa, inda akwai babban tauraro."

Ba ya iya ganin hoton gaba ɗaya, sai gutsure-gutsure. Ta ɗora yatsansa kusa da wani tauraro. Ya maƙala gilashi a ido, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar, kamar yadda yake yi wa agogon hannu. Sha biyu. Huɗu. Shida. Goma. Ya nemi ƙarfe biyu, babu. Yana can ya zame zuwa biyu da rabi.

"Wani," ya ce. Ta matsar da shi. Biyu da rabi. "Wani." Biyu da rabi.

Bai ji fushi ba tukuna. Abin da ya fara ji shi ne ƙanshin rufin bene bayan ruwa, da ƙarar tsintsiya a bakin bututu, da muryar da ke cewa lemata ce. Daga nan ya bi hannun Katantanwa da gilashin a hankali, yana zagayawa har cikin cibiyarta. Ta fito. Duk abin da suka shekara talatin suna nema ya fito, har da siraran layukan duhu a tsakanin hannuwan. Gilashin ya jiƙe, ya cire ya goge da bakin riga.

"Me aka rubuta a ƙasa?"

Ta karanta masa sunan ƙanensa. Sannan ta gane, ta ja numfashi za ta ɗaga murya, ya damƙe mata hannu.

"Babanki ne ƙarami. Bari in ba shi ƙofa."

Ya same shi a gefen zaure ana gyara masa abin magana a wuyan riga. Da Mai Hoto ya gan shi sai da fuskarsa ta motsa, amma nan take ya gyara ta, aikinsa ke nan.

"Yaya! Ka zo? A ba Yaya kujera a gaba!"

"Auta, akwai abin da kake so ka gaya mini?"

"Kamar me fa?"

"Kai za ka sani. Tun ba a fara ba."

Mai Hoto ya dubi idanun da suka yi fari-fari, ya yi lissafinsa. "Babu, Yaya. Sai alheri."

Da ya ce akwai, da maganar ta ƙare a gida, don tsohon a shirye yake ya rufa masa asiri. Ƙofa aka buɗe masa ya sa ƙafa ya rufe.

Ya hau ya yi jawabi na rabin awa. Ya yi maganar sanyi da sauro da rashin barci, ya dafa farin bututun ya ce wannan ne abokin wahalarsa. Wata budurwa injiniya a layi na biyu ta dubi bututun, ta dubi hoton, ta raɗa wa na kusa da ita wani abu. Aka tafa. Hedimasta ya ce ko akwai mai tambaya. Mai Agogo ya miƙe, yana riƙe da kafaɗar 'yarsa.

"Malam mai jawabi, ni tsoho ne, ido ya tafi, a yi mini haƙuri. Da wannan farin bututun ka ɗauka?"

"Da shi, Yaya."

"Duk dararen?"

"Duka."

"Madalla. Taurarin nan naka, tsinke nawa gare su?"

Mai Hoto ya juya ya ƙirga. "Shida."

"Me ya ba su tsinken?"

"Haba Yaya," ya yi dariya yana duban jama'a, "tauraro ai da ma haka yake. Ko yaro ka ce ya zana tauraro, da tsinke zai zana."

Can baya wani ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya. Injiniya ta ɗaga hannu ba ta jira a ba ta dama ba.

"Ranka ya daɗe, gilashi ba ya fitar da tsinke. Bututunka ba ƙarfe a bakinsa. Wannan a makon farko ake koya mana."

Gumi ya karyo masa. Amma mai goge ƙuraje ba ya rasa dabara. "To, ai da kwamfuta na ƙara su. Don ado."

"Ado ya yi kyau," in ji Mai Agogo. "Me ya sa ka karkata biyu daga ciki?"

Bai san ma a karkace suke ba. Ya juya yana nema. Kafin ya samu abin faɗa, Hedimasta ya riga ya tashi, yana dogara sanda, yana lalubo tabarau. Ya je ya tsaya gaban hoton, ya sunkuya, ya daɗe.

"Biyu da rabi," ya ce. Ya matsa gaba. "Biyu da rabi. Jama'a, taurarin nan rabin awa suke gaba. Shekara ashirin ina yi musu dariya a zauren nan, ko a mafarki na gan su na san su. Ƙarfen lemar Malama ne." Ya juyo wajen Mai Hoto. "Kai, ina akwatin yayanka?"

Mai Hoto ya shiga gyara abin maganar da ke wuyansa.

"Da kai nake."

"Yana shago."

"Ƙonannen?" in ji 'yar.

"Lafiyarsa ƙalau." Ya sauko daga kan dandamali, ya rage murya, amma abin magana na nan a wuyansa, kowa ya ji. "Yaya, ka fahimce ni. Da hoton ya fito na ga irin kyansa, sai na ce kai ai ba za ka iya ganinsa ba ma. Zai tafi a banza ne a cikin ɗaki."

Wannan maganar ta fi satar muni. Mai Agogo ya mayar da gilashinsa aljihu.

"Na gani," ya ce.

Aka kawo akwatin a daren, da hankicinsa. Hedimasta ya tambaye shi wane suna za a rubuta a ƙasan hoton. Ya ce a fara da nata, ita ta ja layin farko, kuma lemar tata ce. Aka rubuta biyu, nata a sama. Hoton yana bangon matakalar laburare yanzu. Kafin ganin ya ƙarasa rufewa, duk Asabar 'yar kan kai shi, ya tsaya a mataki na bakwai, ya sa gilashi a kusurwar nan. Da ya rufe gaba ɗaya bai daina zuwa ba, yatsa yake ɗorawa a wurin. Ya kwance tamfol, ya murɗa agogon bututun ya tashi, ya ba Injiniya aron abin duka bisa sharaɗi ɗaya, kada ta taɓa ƙarfen.

Shi kuwa Mai Hoto, da hannunsa aka sa shi ya ɓamɓare takardar sunansa a gaban mutane. Aka share shi daga rajistar ƙungiya. Farin bututun yana bayan shago cikin kwalinsa. Ya zo gidan yayansa sau uku ban haƙuri, sau uku ana karɓarsa a falo, a ba shi ruwa, a amsa gaisuwarsa. Yayan bai ƙara ce masa Auta ba, Malam mai hoto yake ce masa, kamar kowane baƙo. Kuma har tsohon ya bar duniya, ba a ƙara barinsa ya taka matakalar benen ba.